Karanta izinin fayil a saba ta FTP: me ya sa PHP take ba ni 644 kullum?

*Tambaya: "Assalamu alaikum Malam. Ina kula da wani shafi da ke kan sabar haya, kuma ta FTP kaɗai nake iya shiga. Ina so in rubuta ɗan shiri da PHP wanda zai bi fayiloli ya nuna mini waɗanda izininsu ya yi buɗewa da yawa, kamar 777. Na ga akwai `ftp_chmod` na sauya izini, amma ban ga na karantawa ba. Na gwada `fileperms` da adireshin `ftp://`, sai kowane fayil ya fito 644, har wanda ni da hannuna na mayar 600. A ina na kuskure?"*

Wa'alaikumus salam ɗan'uwa. Ba ka kuskure a rubutun shirinka ba. Lambar 644 da kake gani ba daga saba ta zo ba, PHP ce ta sa ta da kanta. Idan ka ba wa `fileperms` adireshin `ftp://`, PHP tana tambayar saba girman fayil da lokacin da aka taɓa shi, tana kuma gwada shiga cikinsa don ta gane ko folda ce, amma izini ba ta tambaya sam, sai ta cike gurbin da 0644. Don haka ko ka mayar da fayil 600 ko 777, amsa ɗaya za ka samu. Ka cire `fileperms` daga wannan aikin gaba ɗaya.

Abin da kake nema shi ne lambar izini irin ta Unix, wato wa zai karanta, wa zai rubuta, wa zai gudanar, ga mai fayil da rukuninsa da sauran jama'a. Ana iya samunta ta FTP a yawancin sabobin Linux, amma sai ka san dalilin da ya sa babu umarni guda na yin hakan, domin shi ne zai nuna maka inda za ka yarda da amsar saba da inda ba za ka yarda ba.

Inda matsalar ta samo asali

Ƙa'idar FTP da ake aiki da ita har yau ita ce RFC 959, ta shekarar 1985. An tsara ta ne don kwamfutoci masu tsarin fayil daban-daban su yi musayar fayiloli, kuma da yawa daga cikinsu ba su san wani abu wai shi 644 ba. Shi ya sa babu umarnin karanta izini a cikinta. Shi kansa sauya izinin da `ftp_chmod` yake yi, ba ya cikin ainihin umarnan FTP: `SITE CHMOD` yake aikawa, kuma `SITE` ƙofa ce da aka bar wa kowace saba ta ƙara abin da ta ga dama. Masu sabobin Unix sun ƙara na sauyawa, ba su ƙara na karantawa ba, saboda mutum yana iya buga `LIST` ya gani da idonsa.

To `LIST` ɗin nan don idon mutum aka yi shi. Ƙa'idar ba ta faɗi fasalin da amsarsa za ta ɗauka ba. Yawancin sabobi sun kwaikwayi abin da umarnin Unix na jero fayiloli, `ls -l`, yake fitarwa ne kawai bisa al'ada. Sai a 2007 RFC 3659 ta kawo `MLST` da `MLSD`, waɗanda aka yi don shiri ya karanta. Saboda haka hanyoyi biyu gare ka, sabuwa mai tsafta wadda ba kowace saba ke da ita ba, da tsohuwa wadda take ko'ina amma sai ka yi taka-tsantsan.

Kafin ka rubuta komai, tambayi sabarka abin da ta iya. Bayan `ftp_login`, ka aika `ftp_raw($ftp, 'FEAT')` ka buga amsar. Idan ka ga layi mai kama da wannan, ka huta:

```
 MLST modify*;perm*;size*;type*;unique*;UNIX.group*;UNIX.mode*;UNIX.owner*;
```

Tauraron da ke bayan kowane suna yana nufin wannan bayanin a kunne yake, zai zo ba tare da ka roƙa ba. Idan `UNIX.mode` yana nan amma babu tauraro, ka kunna shi da `OPTS MLST type;perm;UNIX.mode;`. Ka lura wannan umarnin yana maye gurbin jerin ne baki ɗaya, abin da ba ka lissafa ba zai daina zuwa. Manhajojin sabar FTP irin su ProFTPD da Pure-FTPd suna ba da `UNIX.mode`. Amma vsftpd, wadda take kan sabobin Linux masu ɗimbin yawa, ba ta san `MLST` da `MLSD` ba, za ta mayar maka da lambar kuskure 500 ne.

Hanya ta farko: MLST da MLSD

Bambancinsu yana da amfani. `MLST` yana ba da bayanin abu guda, fayil ko folda, kuma amsarsa tana dawowa ta tashar umarni, wadda ka riga ka buɗe a ƙofa ta 21. `MLSD` kuwa yana jero abin da ke cikin folda, kuma sai ya buɗe tashar bayanai ta daban kamar `LIST`. Amsar `MLST` layi uku ce, na tsakiya yana farawa da sarari guda:

```
250-Start of list for /public_html/config.php
 modify=20240311084512;perm=adfrw;size=3120;type=file;UNIX.mode=0600; /public_html/config.php
250 End of list
```

PHP ba ta da aiki na musamman don `MLST`, amma tunda ba ya buƙatar tashar bayanai, `ftp_raw` ya wadatar:

```php
function izini_ta_mlst($ftp, string $hanya): ?int {
    if (strpbrk($hanya, "\r\n") !== false) return null;
    foreach (ftp_raw($ftp, "MLST $hanya") ?? [] as $layi) {
        if ($layi === '' || $layi[0] !== ' ') continue;
        $bayanai = explode(' ', ltrim($layi), 2)[0];
        if (preg_match('/(?:^|;)unix\.mode=([0-7]+);/i', $bayanai, $m)) {
            return octdec($m[1]) & 07777;
        }
    }
    return null;
}
```

Layin farko na cikin aikin, mai `strpbrk`, ba ado ba ne. A FTP ƙarshen layi shi ne ƙarshen umarni, don haka idan sunan fayil daga hannun wani ya fito, kada ka bari ya wuce da alamar sabon layi a cikinsa. Harafin `i` da ke ƙarshen `preg_match` kuma yana nan ne saboda ƙa'idar ta ce sunayen bayanan ba su damu da babban baƙi ko ƙarami ba, wata saba za ta rubuta `UNIX.mode`, wata `unix.mode`.

Ga aikinka na bin dukkan shafi, kada ka aika `MLST` ga kowane fayil. Shafi mai fayil dubu biyar zai zama tafiya dubu biyar zuwa saba da dawowa. Ka yi amfani da `ftp_mlsd`, wanda ya shigo tun PHP 7.2: kira ɗaya a kowace folda, ya ba ka jerin duk abin da ke ciki, kowanne da `name` da `type` da sauran bayanan. Ka mayar da sunayen bayanan ƙananan baƙaƙe da `array_change_key_case` kafin ka nemi `unix.mode`. Sannan ka tsallake duk abin da `type` ɗinsa ya zama `cdir` ko `pdir` lokacin da kake shiga ƙananan foldodi, domin na farko foldar da kake ciki ce, na biyu uwarta, idan ka bi su shirinka zai yi ta zagaye ba iyaka.

Yanzu ga wurin da mutane da yawa suke zamewa. A layin da ke sama akwai `perm=adfrw`, kuma shi ne yake cikin ainihin ƙa'idar, `UNIX.mode` ƙari ne na sabobin Unix. Sai mutum ya ga `r` da `w` ya ɗauka su ne na `chmod`. Ba su ba ne. `perm` yana gaya maka abin da kai, da asusun da ka shiga da shi, za ka iya yi wa wannan abu ta FTP: `r` saukewa, `w` ɗora wani a kansa, `a` ƙara masa a ƙarshe, `d` gogewa, `f` sauya suna. Ga folda kuma akwai `e` shiga, `l` jerowa, `c` ƙirƙirar fayil a ciki, `m` ƙirƙirar folda, `p` goge abin da ke ciki. Fayil mai 600 da fayil mai 666 duk za su iya nuna maka `adfrw` iri ɗaya idan kai ne mai su. Ba za ka taɓa fitar da 777 daga `perm` ba. Amma idan tambayarka ita ce "zan iya ɗora fayil a nan?", to `perm` ya fi lambar izini kusa da amsar, don saba ce ta yi lissafin da sanin ko kai wane ne.

Hanya ta biyu: fassara LIST

Idan babu `MLST`, sai `ftp_rawlist`. Ka kira `ftp_pasv($ftp, true)` tukuna, kuma bayan `ftp_login`, ba kafinsa ba. In ba haka ba saba ce za ta yi ƙoƙarin bugo maka, katangar tsaro ko rawutar gidanka ta tare ta, shirin ya tsaya cak har lokaci ya ƙare ya dawo da `false`. Yawancin ƙorafin "rawlist ba ya dawo da komai" daga nan yake.

Layukan za su zo kamar haka:

```
-rw-r--r--    1 1001     1001         3120 Mar 11 08:45 index.php
drwxrwxrwx    2 1001     1001         4096 Nov 02  2022 uploads
lrwxrwxrwx    1 1001     1001           11 Jan 09 17:20 www -> public_html
```

Sa'arka ita ce abin da kake nema yana cikin haruffa goma na farko, kuma su ne suka fi kowane sashe na layin tsayuwa a wuri ɗaya. Na farko nau'i ne: `-` fayil, `d` folda, `l` mahaɗi mai nuni zuwa wani wuri. Tara da suka biyo uku-uku ne, na mai fayil, na rukuni, na sauran jama'a. `r` huɗu, `w` biyu, `x` ɗaya. Shirye-shiryen da ake yawan kwafowa suna tsayawa a nan, sai su yi kuskure a gurbi na uku na kowane kashi, domin ba `x` da `-` kaɗai ke zama a wurin ba. Ƙaramin `s` yana nufin akwai `x` kuma akwai alamar setuid (mai sa a gudanar da fayil da ikon mai shi), wato 4000, idan a gurbin mai fayil ne, ko setgid, wato 2000, idan a gurbin rukuni ne. Babban `S` yana nufin alamar tana nan amma babu `x`. Haka `t` da `T` a gurbin ƙarshe, su ne 1000, irin wadda take kan `/tmp`. Ga mai binciken tsaro irinka, waɗannan su ne ma ya fi kamata kada su kuɓuce.

```php
function haruffa_zuwa_lamba(string $layi): ?int {
    $tsari = '/^[-dlcbps]([r-][w-][xsS-])([r-][w-][xsS-])([r-][w-][xtT-])/';
    if (!preg_match($tsari, $layi, $m)) return null;
    $musamman = [1 => 04000, 2 => 02000, 3 => 01000];
    $lamba = 0;
    for ($i = 1; $i <= 3; $i++) {
        $n = 0;
        if ($m[$i][0] === 'r') $n += 4;
        if ($m[$i][1] === 'w') $n += 2;
        $c = $m[$i][2];
        if ($c === 'x' || $c === 's' || $c === 't') $n += 1;
        if ($c !== 'x' && $c !== '-') $lamba |= $musamman[$i];
        $lamba |= $n << (3 * (3 - $i));
    }
    return $lamba;
}
```

Duk layin da bai dace da tsarin ba, aikin zai dawo da `null`. Wannan ya haɗa da layin `total 48` da wasu sabobi ke sawa a sama. Idan kuma an liƙa `+` ko `.` ko `@` bayan haruffa goman, ba zai dame shi ba, amma `+` ɗin ka adana shi, don yana nufin akwai ƙarin jerin izini na ACL da haruffan ba su nuna ba.

Wahalar `LIST` ba a izini take ba, a gano wane layi ne na wane fayil take. Abin da aka saba shi ne `preg_split('/\s+/', $layi, 9)`, kashi na tara ya zama suna. Lambar 9 ɗin ce take hana suna mai sarari kamar `rahoton wata.pdf` tsagewa biyu. Tana aiki ko gurbin lokaci ya nuna `08:45` ko ya nuna shekara, kamar yadda yake yi wa fayil da ya tsufa wata shida. Amma za ta karye idan saba ba ta nuna rukuni ba, ko sunan rukunin yana da sarari, kuma tana cinye sararin da ke farkon suna. Idan layin na mahaɗi ne, sai ka yanke daga ` -> `.

Shi mahaɗi, a Linux kullum `lrwxrwxrwx` yake nunawa, kuma wannan ba komai ba ne, izinin abin da yake nuni zuwa gare shi ne yake aiki. Idan ba ka tsallake layukan `l` ba, rahotonka zai cika da 777 na ƙarya, har ka daina kula da na gaskiya.

Akwai wasu abubuwa biyu da za su rage maka fayiloli a ɓoye. Fayil mai farawa da ɗigo, irin `.htaccess` da `.env`, ba ya fitowa a `LIST` a sabobi da yawa sai ka ce `ftp_rawlist($ftp, '-a /public_html')`. Wannan `-a` ba ya cikin ƙa'ida, al'ada ce da yawancin sabobin Unix suka karɓa, don haka ka gwada a kan foldar da ka san tana da irin wannan fayil. Kuma sau da yawa `.env` ne yake ɗauke da kalmar sirrin rumbun bayanai, wato fayil ɗin da ya fi buƙatar dubawa shi ne wanda ba ya fitowa. Na biyu, wasu sabobi, kamar Pure-FTPd, suna yanke jeri idan folda ta cika da yawa, su sanar a saƙon 226 na ƙarshe kawai, wanda `ftp_rawlist` ba ya nuna maka. Idan adadin layuka ya tsaya cif a lamba mai ƙarewa da sifilai, ka yi zargi.

Izinin folda kanta kuma, `LIST` a kanta zai ba ka abin da ke ciki ne. Ka jero uwarta ka nemo layinta, ko ka karanta layin `.` bayan ka sa `-a`.

Idan tashar bayanai ce take ba ka wahala kuma fayil guda kake so, gwada `ftp_raw($ftp, "STAT $hanya")`. `STAT` tare da suna yana cikin RFC 959, yana dawo da layi irin na `LIST` ta tashar umarni, kuma vsftpd tana amsa shi. Sai ka share sararin farkon kowane layi ka miƙa wa aikin da ke sama.

Idan sabar Windows ce

Sabar FTP ta IIS, wato ta Microsoft, tana fitar da jeri irin na MS-DOS: kwanan wata, lokaci, `<DIR>` ko girma, suna. Babu izini a ciki, aikinmu zai dawo da `null`, kuma daidai ke nan. Haɗarin yana ga lokacin da aka saita ta ta yi jeri irin na Unix: sai ta riƙa nuna `-rwxrwxrwx` da `owner` da `group` a kan fayiloli, alhali izinin NTFS, tsarin fayil na Windows, ba shi da alaƙa da waɗannan haruffa. Ka kira `ftp_systype` tun farko. Idan ya ce `Windows_NT`, kada ka fassara haruffan ko da sun yi kyau. Akasin haka ba hujja ba ce, domin akwai sabobin da ke kan Windows suna amsa `UNIX` don su daidaita da manhajojin FTP.

A aikina ƙa'idar da nake bi ita ce aikin ya dawo da lamba ko `null`, kada ya taɓa cike gurbi da zato, kuma rahoto ya ware fayilolin da aka kasa karantawa a sashe nasu. Cike gurbi da zato shi ne ainihin abin da `fileperms` ta yi maka.

Lissafin tushe takwas

Lambar da ayyukan nan ke dawowa da ita, idan ka buga ta kai tsaye za ka ga 420 a maimakon 644, da 493 a maimakon 755, da 384 a maimakon 600. Ba kuskure ba ne, lamba ɗaya ce a tushe goma. Ka nuna ta da `sprintf('%04o', $lamba)`. Wajen kwatantawa kuma ka sa sifili a gaba, `$lamba === 0644`.

Wannan sifilin yana da muhimmanci sosai a `ftp_chmod`. Idan ka rubuta 644 babu sifili, PHP za ta mayar da ita tushe takwas ta aika `SITE CHMOD 1204`. Sakamakon shi ne fayil da mai shi zai iya rubutawa amma ba zai iya karantawa ba, rukuni ba su da komai, jama'a kuma suna karantawa. Bayan kowane sauyi, ka sake karanta izinin da aikinka ka tabbatar ya zauna.

Kuma kada ka nemi 777 kaɗai. Abin da yake cutarwa shi ne kowa ya iya rubutawa, kuma 666 da 757 da 773 duk suna da wannan. Gwajin shi ne `($lamba & 0002) !== 0`. Ga fayilolin da ke ɗauke da kalmar sirri, gwajin shi ne `($lamba & 0004) !== 0`, wato kowa yana iya karantawa. Amma kafin ka mayar da irin wannan fayil 600, ka duba da sunan wa PHP take gudana a sabar. A wasu sabobin haya da sunanka take gudana, 600 zai yi aiki. A wasu da sunan sabar yanar gizo take gudana, kamar `www-data`, sai shafin ya faɗi nan take domin ba ta iya karanta fayil ɗin kuma.

Iyakar abin da FTP za ta gaya maka

Ko ka samu lambar daidai, rabin labari ce. Ba ta da ma'ana sai an san mai fayil da rukuninsa, kuma vsftpd a saitinta na asali lambobi take nunawa kamar 1001, idan kuma an kunna `hide_ids` kowa zai fito da suna `ftp`. ACL da tsarin tsaro na SELinux da faifan da aka ɗaura don karatu kaɗai, duk suna iya hana abin da lambar ta yarda, kuma FTP ba za ta nuna maka su ba.

Ka tambayi kamfanin da ka yi haya ko suna ba da SFTP. Duk da kamar suna, ba FTP ba ce, a kan SSH take tafiya, galibi ƙofa ta 22, kuma izini yana cikin bayanan da ƙa'idarta take ɗaukowa a matsayin lamba. A PHP `ssh2_sftp_stat` zai ba ka `mode`, ɗakin karatu na phpseclib ma yana da `fileperms` nasa mai tambayar saba da gaske, sai ka tace da `& 07777` don cire alamar nau'in fayil. Idan ba su bayarwa, aƙalla ka sauya `ftp_connect` zuwa `ftp_ssl_connect` in sabar ta yarda, domin FTP tsura tana aika kalmar sirrinka a fili. Akwai kuma hanyar da ta fi duka sauƙi tunda PHP tana gudana a sabar: ka ɗora shirin can ya kira `fileperms` a kan hanyar fayil ta cikin gida, inda amsarta gaskiya ce, tare da `fileowner` da `is_writable`. Ka kare shi da kalmar sirri, ka gudanar, sannan ka goge shi da zarar ka karɓi rahoton.